Allon Zaren Inna Mai Fil

Inna Mai Fil ta riga ni zuwa shagonmu da shekara shida, kuma ba ta bari in manta. Tana ɗakin baya tana rage wa mata tsawon riga tun kafin a haife ni. Duk ranar da na ɗaga mata murya sai ta ce, "Auta, a kwandon ƙyallayena fa aka yi renonki." Sai in ja bakina in yi shiru, don gaskiya ta faɗa. Bara dai ban yi shirun ba, har saura ƙiris in raba ta da kujerar da ta shekara talatin da takwas a kai. Labarin da zan bayar ke nan, ko da yake ni ce ban fito da kyau a cikinsa ba.

Shagon kayan mata ne, mahaifiyata ta buɗe shi, Allah ya jiƙanta. Dogayen riguna, siket, mayafai, jakunkuna, da 'yan takalma a jikin bango. Da ta rasu sai yayyena kowa ya noƙe, wai aikin ofis ya riƙe shi, shago ya faɗo a kaina. Na gaji kantoci, na gaji madubi, na gaji Inna.

Wanda bai taɓa sayar da rigar kanti ba bai san amfanin irin su Inna ba. Rigar kanti ana yanka ta ne don wata doguwar mace marar tumbi marar ƙugu, wadda ni dai ban taɓa ganin ta shigo mana ba. Masu shigowa gajeru ne, masu jiki ne, masu shayarwa ne, wata ma kafaɗarta ɗaya ta fi ɗaya sauka saboda ɗaukar jaka. Aikin Inna shi ne ta shirya tsakanin riga da mai ita. Ta rage nan, ta saki can, ta kalmashe ƙasa. Keke a wurinta na dogon ɗinkin ciki ne kawai. Duk inda ido zai kai, allura da yatsa take sa wa. Kullum da fil uku ko huɗu a gefen bakinta, ta haƙora take magana, daga nan sunan ya bi ta. Tun ina yarinya nake jiran ranar da za ta haɗiye ɗaya, har yau shiru.

Tana da doka da ba ta ɗaga wa kowa. In mace ta sa riga ta nufi madubi, sai Inna ta tare ta da wata 'yar kujera.

"Zauna tukuna, 'yata. Ɗaga hannu sama. To, sunkuya ki ɗauko mini wancan fil ɗin."

In riga ta bari an yi duka ukun, sai a je madubi. In ta hana, Inna ba ta ɓoye-ɓoye: "Wannan rigar tsayuwa ce. Ke kuwa a zaune kike cin abinci, ko?" Na sha yin asarar ciniki a kan bakin nan nata, in yi ta ƙunƙuni a bayan kantar shago. Amma matan da ta hana su saya, su ne ke dawowa da ƙannensu da 'ya'yansu.

Ita kanta riga ɗaya ta sani a duniya. Ba wai guda ɗaya gare ta ba, ɗinkin ne ɗaya: doguwa mai yalwa, da manyan aljihu biyu a gaba waɗanda ke ɗaukar almakashi, tef, alli da rabin burodi. Sau uku a sanina yayi yana zagayowa ya same ta a inda ya bar ta. A na ƙarshen, wasu 'yan mata biyu suka bi ta har ɗakin baya suna tambayar inda ta sayi rigarta, wai ita ake yi yanzu. Ta ce musu, "Ku ba ni shekara biyu in koma tsohuwar ƙauye, sai ku zo in ba ku kyauta."

A ɗakin nata, daidai hannun damanta, akwai wani allon katako a jikin bango, mai ƙusoshi layi shida, kowace ƙusa da zarenta. Tun da na buɗi ido nake ganin allon nan, tun da na san kyau kuma yake ba ni haushi. Babu tsari ko na sisin kwabo. Ruwan goro kusa da ruwan toka, baƙi a maƙale tsakanin ja da fari, shuɗi iri huɗu kowanne a unguwarsa, kamar kaji sun bi ta kai.

Bara na shiga harkar ɗora kaya a waya, kamar kowa. Na sayi fitilar nan mai zagaye, na sayi abin kafa waya, na koyi yin magana ni kaɗai ina washe baki kamar wadda aka yi wa albishir. Ciniki kuwa ya motsa, ba zan yi ƙarya ba. Sai dai yayin yanzu ba ya jiran shekara, wata uku ya ishe shi. Muna cikin hannu mai kumburi aka koma mai tattara, kafin mu sayar da masu tattarar aka koma riga mai matse ciki wadda sai mutum biyu sun taya mace jan zik. Ina gudu, yayi na gudu, Inna na kallonmu da fil a baki.

Wata ranar da ba ma buɗewa na shigo ni kaɗai don in shirya wurin ɗaukar bidiyo. Na ga ɗakin Inna ya fi ko'ina haske, ga allon zare da zai yi kyau a bayana in da an tsara shi. Na sauke zarurrukan nan kaf, na share ƙura, na jera su yadda ido ke so: fari, ruwan madara, ruwan ƙwai, a gangaro ja, kore, shuɗi, masu duhu duka a layin ƙasa. Na ja da baya na kalla, na yaba wa kaina. Ban gaya mata ba, wai so nake ta zo ta gani ta yi murna. Washegari ta zo, ba ta ce uffan ba. Na ce a raina tsofaffi dai ba su iya yabo ba.

A wannan makon ne wata matashiya da muke kira Mai Mabiya ta shigo. Mutum dubu ɗari da wani abu ke kallon duk abin da ta sa a jikinta, kuma na yi wata biyar ina lallaɓa ta ta zo mana. Ta zaɓi wata doguwar riga kore mai duhu, za ta sa a wani taron wurin aikinsu. Wuyan ya ɗan yi mata yawa. Inna ta zaunar da ita, ta sa ta ɗaga hannu, ta soke fil inda ya kamata. Bayan kwana biyu na naɗe rigar a takarda na miƙa wa mai ita ko dubawa ban yi ba. Wa ke duba aikin Inna?

Ranar Litinin Mai Mabiya ta faɗo shago ko sallama babu. Ta jefa rigar kan kantar shago, ta tura mini waya a fuska. Ta buɗe hoton da yatsu biyu har wuyan rigar ya cika gilashin. Ɗinki ne mai kyau, ƙanana, a jere kamar haƙoran mataji. Amma da zare ruwan hanta aka yi shi, tun daga kafaɗa zuwa kafaɗa, a kan kore. A ƙarƙashin hoton mutane na ta dariya, wata ma ta tambaya ko sabon yayi ne.

Ni mai saurin fushi ce, kowa ya sani, ni ma na sani. Na ɗauki rigar na yi ɗakin baya, Mai Mabiya na biye da ni, ga mata biyu a bakin ɗakin gwaji suna ji.

"Inna, wannan mene ne?"

Ta karɓi rigar, ta bi ɗinkin da babban yatsanta. "Ya ɓalle ne?"

"Bai ɓalle ba! Kore da ruwan hanta ai ko ɗan shekara uku ya bambance su. Wata biyar ina neman baiwar Allahn nan, kin zubar mini a rana ɗaya. In aikin ya fi ƙarfinki ki faɗa, a nemo mai ido!"

Ba ta ambaci kwandon ƙyallaye ba. Ta sa hannu ta zare fil ɗin bakinta ɗaya bayan ɗaya, ta soke su a ɗan matashin allurarta. Ban taɓa ganin bakinta babu komai a cikin shagon nan ba. Ta juya wajen Mai Mabiya ta ce, "Ki yi haƙuri, 'yata, laifina ne." Ta sa almakashinta a aljihu, ta ajiye makullin shago a kan keke. "Auta, sai wani lokaci."

Kwana uku ba ta zo ba, ni ma na yi taurin kai ban kira ba. Babbar yayata ta ce ai da ma lokaci ya yi, in samo matashin tela da sabon keke. Har na auna ɗakin da tef. Mata kuwa suna shigowa suna leƙa baya. Wata tsohuwar mai sayenmu ta gwada riga, na ce mata ta yi kyau, ta ce, "Ke komai kyau ne a wurinki. Ina Inna?" Ta tuɓe ta tafi.

A rana ta huɗu, da rana tsaka, babu kowa a shago, na zauna ina yanke bidiyon da na ɗauka a makon da ya wuce. Ga ni a gaba ina ɗaga jaka ina zuba surutu. A bayana, gefe guda, ga Inna da koren rigar nan a cinya. Na ga ta miƙa hannu kan allon ba tare da ta kalla ba, yatsanta na taɓa ƙusoshi: layi na uku, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ta ciro zaren, ta kai shi dab da idonta, ta karkatar da kai kamar kaza mai kallon sama. Mai haske ne, ta gane ba shi ba ne. Ta mayar. Sai ta gangara layin ƙasa inda na tara masu duhu, ta kwaso huɗu, ta je bakin taga tana ɗaga su ɗaya-ɗaya. Sau biyu ta waiwayo ta dube ni kamar za ta yi magana. Ni kuwa ina can ina cewa jakar nan saura guda uku kacal, a hanzarta. Ta zaɓi ɗaya ta koma kujerarta.

Sau biyar na kalli wurin nan. Inna ba ta ganin launi. Da ƙirgen ƙusa take sanin zarenta, ni kuma na bi na wargaza mata ƙirgen don bayana ya yi kyau, sannan na tsaya a gaban mutane na ce a nemo mai ido.

Na rufe shago na tafi gidanta. Ɗaki biyu ne a bayan wani gidan burodi. Mijinta, Baba Mai Agogo, na zaune a bakin taga kusa da teburin aikinsa, hannunsa na dama a kwance kan cinya. Wata bakwai ke nan da ɓarin jikinsa ya shanye. Sau ɗaya na zo duba shi da ledar lemu, ban ƙara ba. Agogunan mutane na nan a jere kan teburin, rabinsu a buɗe, babu mai tafiya. Inna ta fito daga kicin tana goge hannu a rigarta mai aljihu.

Na durƙusa. Duk maganar da na shirya a hanya ta gudu, sai na ce, "Inna, ni na canza allon."

"Na sani. Wa zai yi aika-aika irin wannan da kyakkyawar niyya in ba ke ba?"

"Tun yaushe idon?"

Ta zauna a bakin gado. "Shekara huɗu. Tsakiyar abu ce ba na gani, gefe-gefe nake kamawa. Masu duhu kuwa duk ɗaya ne a wurina. Likita ya ce ba irin yanar da ake cirewa ba ce."

Baba ya yi gyaran murya. Maganarsa a hankali take fita yanzu, ta gefen baki. "Ke a zatonki rakiya nake yi mata kullum da safe?"

Haka na zata kuwa. Shekara da shekaru yana biyo ta shago kafin ya wuce rumfarsa, ni da yayyena har tsokanarsu muke, wai soyayyar tsofaffi ta fi ta yara naci. Ashe zama yake ya maƙala ɗan gilashinsa na gyaran agogo a ido, ya zura mata zare a allura ashirin ko talatin, gwargwadon aikin ranar, ya jera su a matashi. Da ya kwanta sai ta koma zuwa shago tun ƙarfe bakwai, awa biyu kafin in iso, tana laluben kafar allura da yatsa. Wata allurar sai ta ci mata minti goma. Ni kuma da na ga tana riga ni buɗewa, cewa na yi tsufa ya hana ta barci.

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba, Inna?"

"In faɗa miki ki yi yaya? Ki ajiye ni a kusurwa kina ba ni shayi kamar hoton mamanki? Ni aiki na sani, Auta. Hannuna kuwa bai makance ba."

Na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa. Na ce ta yafe mini, na ce zan mayar da allon yadda yake. Sai na tuna ban san yadda yake ba. Shekara talatin da biyu ina kallonsa, ban riƙe ko layi ɗaya ba.

Ta ɗan yi dariya. "Ɗauko takarda a teburin Baba."

Ta rufe ido ta fara. Layin farko zare bakwai ne da suka buɗe shago da su, ita da mahaifiyata, shi ya sa baƙi ke tsakanin ja da fari. Daga nan duk launin da yayi ya kawo, sai su buga masa ƙusa a gaba. "Ruwan goro, shekarar da kowa ya haukace a kansa, titin nan kamar motar lemu ta kife. Ruwan hoda mai haske, shekarar da aka haife ki. Ruwan gwal, lokacin da ake cusa soso a kafaɗa, mata na shigo mana ƙofa a karkace. Rubuta mana, kin tsaya kallona. Layi na uku, ƙusa ta huɗu, kore mai duhu. Mamanki ta kwaso rigunansa dozin goma babu wanda ya saya, muka yi ta sa su mu biyu har aka fara tambayarmu wane asibiti muke aiki."

Haka ta bi ƙusa hamsin da tara, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Abin da nake kira shirme, ashe rayuwarsu ce su biyu a jere a jikin bango. Da ta kai ƙarshen layi na biyar sai ta ɗan dakata.

"Ruwan toka mai duhu. Wannan ba yayi ba ne. Rigar da mamanki ke zuwa asibiti da ita ce. Sau uku ina rage mata ita."

Na rubuta. Da muka gama na ce, "Gobe za ki zo?"

"Rigar yarinyar nan zan zo in gyara, don ban saba barin aiki a karkace ba. Sauran sai na gani."

Kafin rana ta faɗi na mayar da kowane zare kan ƙusarsa, takarda a hannu. Washegari ƙarfe shida da rabi ina shago. Na duba aikin da ke jira, na zauna a kujerarta ina zura zare a allurai. 'Yar mai shagon kaya ce ni, amma Allah ya sani ban iya ba. Na soki yatsa sau uku kafin in haɗa goma sha biyu. Na jera su a matashi yadda Baba ya kwatanta mini, na koma gaba na kama goge madubin da babu datti.

Ta shigo ƙarfe bakwai. Ta madubin nake kallonta. Ta bi allon da yatsa layi-layi har ƙasa. Ta kai hannu kan matashi, ta ji zare na reto a jikin allurai, ta tsaya. Ta ɗauki fil uku ta sa a baki, ta jawo koren rigar.

Mai Mabiya ta karɓi rigarta, ba ta ƙara waiwayarmu ba, kuma ban ga laifinta ba. Bidiyo yanzu a gaban jakunkuna nake yi. Ban san shekara nawa suka rage wa Inna a kujerar nan ba, idon ba dawowa zai yi ba. Abin da na sani, kullum ƙarfe shida da rabi ina shago.

Mun yi kwana goma a haka, kowa na yi kamar bai san abin da ɗan'uwansa ya sani ba. A rana ta goma sha ɗaya ta shigo, ba ta wuce baya ba, ta tsaya a gaban kantar da nake. Ta zura hannu a aljihunta, ta wuce almakashi da tef, ta ciro wani abu naɗe a ƙyalle ta ajiye a gabana. Na buɗe. Ɗan gilashin Baba ne na gyaran agogo, gefensa duk ya goge saboda shekara arba'in a ido ɗaya.

"Jiya na kai masa allurarki ɗaya ya taɓa," ta ce. "Ya ce ƙullinki ya cika girma, kuma kina barin zare ya yi tsawo. Ya ce tunda kin karɓi aikinsa, ki karɓi kayan aikin."

Na maƙala shi a ido don kada ta ga fuskata, na manta ba gani za ta yi ba. Ban ga komai a cikinsa ba, ruwa ya cika shi.

Ta wuce ɗakin baya. Na ji ƙarar kujerarta, sannan muryarta ta fito ta haƙora.

"Auta, in kin gama, kore mai duhu nake so. Allura biyu."